Ina so in cire bangon da ya raba ɗakuna biyu na soro a gidanmu, ta ina ake farawa?

Mai tambaya, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini, musamman ginin ƙasa, domin abin da ke gabana ya fi ƙarfin sanina.

Gidanmu na gado ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya gina shi tun kafin a haife ni, kuma yanzu shekaruna 38. A sashen mahaifiyarmu akwai ɗakuna biyu na soro a jere, kowanne ƙafa 10 ne a faɗi da ƙafa 12 a tsawo, bango ɗaya ne ya raba su. Rufinsu na azara ne da ƙasa, kuma tun tasowata ban taɓa ganin an sauke shi ba, sai dai yaɓen da ake yi masa kafin faɗuwar damina. Yanzu tsufa ya kama Inna, ƙafafunta ba sa ɗaukarta sosai, ga 'ya'ya da jikoki da masu zuwa gaisuwa, kullum ɗakin a cike, har wasu sai su tsaya daga tsakar gida su ɗaga murya su gaishe ta. Niyyata ita ce in cire bangon tsakiyar, ɗakunan biyu su zama ɗaya mai yalwa, a sa mata gado a gefe guda, a shimfiɗa tabarmi a ɗaya gefen, sannan a daɓe ƙasan da siminti.

Akwai kuma ɗaki na uku, na bulo da kwano, wanda yayanmu ya gina a jikin waɗannan wajen 1995. Silin ɗinsa irin farin allon nan ne na da, yoyo ya yi masa jirwaye, wasu allunan sun tsage, kuma ina so a ɓamɓare shi gaba ɗaya a sa na roba. Daga wannan ɗakin aka ja wayar wuta zuwa ɗakunan soron, kuma ta cikin bangon da nake son cirewa ta bi.

Wani matashi mai aikin lebura a garinmu ya ce in ba shi kwana biyu da yara uku, da diga da guduma, zai kwantar da bangon ya kwashe ƙasar, domin a cewarsa bangon tsakiya ba ya ɗauke da komai. Amma wani dattijo maƙwabcinmu da ya ji maganar sai ya yi shiru, can ya ce in yi tambaya kafin in taɓa. Muna ƙarshen Afrilu, ina so a gama kafin ruwa ya sauka. Shin bangon zai ciru ba tare da an taɓa rufin ba? Idan zai ciru, wane aiki ake fara yi, wanne ake bari ƙarshe? Kuma akwai abin lura a sauke wancan silin, ko kuwa aikin kafinta ne na yini ɗaya?

Tsohon magini, ƙasar Bichi

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya ta kyautata wa mahaifiya, ya kuma saka wa dattijon da ya ce ka yi tambaya. Na haura shekara 40 ina ginin ƙasa, a hannun mahaifina na koya, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka bar yaron nan ya ɗora diga a jikin bangon, ko da kyauta zai yi maka aikin.

A ginin soro da wuya ka sami bangon da yake zaune haka kawai, dalili kuwa azara ce. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, tana da ƙarfi, gara ma ba ta cika cinta ba, amma ba ta iya ɗaukar ƙasar rufi a sarari mai faɗi. Da zarar tazarar ta wuce kamar ƙafa 6 sai ta fara lanƙwasa. Kai kuma ka ce ɗakunanku ƙafa 10 ne. Wannan ya nuna min cewa maginin mahaifinku ya yi tauyi, wato ya jera gajerun azaru suna leƙowa daga cikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗara na ƙarƙashinsa fitowa, har sararin tsakiya ya ragu ya dawo daidai abin da azara ɗaya za ta haye. Gindin waɗannan azaru a cikin bango yake binne, kuma nauyin ƙasar da ke samansu ne ya danne su suka tsaya. Idan tauyin ɗakin dama da na ɗakin hagu duk a bangon tsakiyar nan suka kafu, to bangon yana ɗauke da rabin rufin wannan da rabin rufin wancan, ranar da ya tafi kuwa tare za su tafi.

Ga yadda za ka gane da idonka. Ka shiga kowane ɗaki da tocila, ka ɗaga kai ka bi azarun ka ga inda kawunansu suka dosa. Idan sun shige cikin bangon tsakiyar, magana ta ƙare. Idan kuwa sun bi tsawonsa ne ba su shige shi ba, to da sauƙi, amma ko a hakan ba a ce ya zama banza ba, domin shi ne yake riƙe da bangon gaba da na baya kada su buɗe. Ka ɗauki ƙusa inci 6 ka soka a gindin kowace azara inda ta haɗu da bango: lafiyayya ba za ta karɓi ƙusar ba sai da guduma, wadda danshi ya ci kuwa da yatsa ma ƙusar za ta nutse. Sannan ka bi gindin bangayen waje ka duba ko sun zaizaye. Ka ce kuna ƙasar Ringim, kuma kowa ya san abin da ambaliyar 2022 ta yi a wannan yanki, don haka ina so ka gaya mana ko ruwa ya kwana a gidan a shekarar.

Irin aikin da yaron nan yake nufi na san shi, domin na ga ƙarshensa. Sai su sare gindin bango da diga daga gefe ɗaya, kamar mai saran bishiya, har ya rage ɗan siriri, sannan su haɗu su tura. Shekarun baya an kira ni wani gida bayan an yi haka. Bangon bai jira a tura shi ba, ya karye ne daga tsakiya ya zubo ta gefen da suke tsaye, ya danne wani yaro daga ƙugu zuwa ƙasa, azaru biyu kuma suka biyo bayansa da ƙasar rufi. Da hannu muka riƙa tonon ƙasar don kada fartanya ta same shi, ƙura ta turnuƙe ɗakin har ba ma ganin juna, muryarsa kawai muke bi. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau da sanda yake tafiya. Bango daga sama ake cinsa, hawa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka ɗora tubalinsa amma a juye, mai aikin yana tsaye a kan abin takawa a gefe, ba a kan bangon ba, kuma ba kowa a ƙasansa. Kafin a kai ga bangon kuma sai an sauke abin da ke kansa.

Hanyoyin da nake gani uku ne. Ta farko, wadda na fi so maka a bana, ita ce ka bar bangon ka buɗe masa ƙofa mai faɗi a tsakiya, kamar ƙafa 4, a tokare azarun rufi ta ɗakunan biyu, a sa sababbin azaru a kan ƙofar su ɗauki abin da ke sama. Inna tana kan gadonta za ta ga mutanen da ke ɗaya ɗakin, iska za ta ratsa, sanyin soro kuma yana nan. Ta biyu ita ce a sauke rufin gaba ɗaya: a kankare ƙasar daga sama, a ɗauke zana ko ƙiraren da aka shimfiɗa, a zare azaru ɗaya bayan ɗaya, sannan a ci bangon, a ƙarshe a yi rufin kwano. Wannan zai ba ka ɗakin da kake so, amma ka sani tsohuwar da ta saba da soro za ta sha wahalar zafin kwano a bazara da sanyinsa a hunturu. Ta uku ita ce a maye bangon da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin azara da ƙasa mai siffar baka wanda yake ɗaukar rufi. Da shi magabata suka samar da manyan ɗakuna ba tare da rodi ko siminti ba, kuma wanda ya ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, ko ya shiga Gidan Makama a Kano, ya san abin da nake faɗa. Sai dai masu iya ɗaura shi sun yi ƙaranci, kuma shi ma sai an sauke rufin.

Hanya ta biyu da ta uku ba na wannan lokaci ba ne. Aikin ƙasa na rani ne, daga bayan kaka, domin kowane hawa yana son ya bushe kafin a ɗora wani. Wanda ya buɗe rufin soro a watan Mayu, hadari ɗaya ya ishe shi.

Ƙasar da za ta fito kuma kada ka bari a watsar da ita. A jiƙa ta, a zuba mata ramno, a tattake, ta kwana biyu tana tsimuwa, za ta yi maka yaɓe mai kyau.

Ma'aikaciyar lafiya, ƙasar Gumel

Assalamu alaikum. Baba ya gama magana a kan bango, ni kuwa silin nan ne ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba, domin Malam ya ambace shi kamar ƙaramin aiki, alhali ni shi ya fi tayar min da hankali.

Farin allon silin da aka yi ta sawa a gidaje da makarantu a shekarun 1980 da 1990, da yawansa siminti ne aka gauraya da asbestos, wani ma'adini mai siraran zaruruwa. Ba a iya tantance mai shi da marar shi da ido, saboda haka duk tsohon allo irin wannan a ɗauke shi a matsayin mai shi. Muddin yana zaune lafiya a sama, an shafe shi da fenti, ba ya cutar da kowa sosai. Matsalar tana farawa ne idan aka fasa shi, ko aka yanka da zarto, ko aka share garinsa da tsintsiya a bushe, domin a lokacin ne zaruruwan da ido ba ya gani suke tashi, a shaƙe su, su maƙale a huhu, jiki kuma ba ya iya fitar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa kowane nau'in asbestos yana jawo sankara, ta huhu da ta fatar da ta lulluɓe huhun, kuma ƙasashe fiye da 50 sun haramta shi, Ingila ma ta kammala haramta shi tun 1999. Abin da ya sa mutanenmu ba sa ɗaukar maganar da nauyi shi ne ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara 20, ko 30, ko fiye, lokacin da ba wanda zai tuna ranar da aka sauke silin.

Ni a gidana na koyi darasin. Da muka gyara falonmu, kafintan da aka ɗauko da ƙotar guduma ya riƙa fasa allunan suna zubowa, aka tara ɓaraguzan a bayan ɗaki. Na dawo daga aiki na tarar da 'yata da ƙawayenta sun tsinci gutsattsarin suna zana layin 'yar gala-gala da su a kan daɓe, hannuwansu da gaban rigunansu fari fat. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi, kuma ba na so wata uwa ta ga irin wannan.

Don haka, Malam, idan allunan da suka lalace kaɗan ne, a gyara yoyon kwanon, a cire waɗanda suka tsage kawai, ko a buga silin robar a ƙarƙashin tsohon a rufe shi. Idan kuwa dole sai an sauke, to a fitar da komai daga ɗakin, a shimfiɗa leda a ƙasa, a fesa wa allunan ruwa mai ɗan sabulu har su jiƙe, a zare ƙusoshin a sauke kowane allo ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri a ɗaure. Kada a yi cikon hanya ko na tsakar gida da shi, kada a bar shi a bola inda yara za su tsinta. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya da gona a binne. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare wannan ƙura, sai mai matata mai lamba P3 ko P100. Masu aikin su cire kayan jikinsu a wurin, su yi wanka kafin su shiga cikin iyalinsu, ɗakin kuma a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Inna kuma a mayar da ita wani sashen tun kafin a fara kowane aiki, ko da na ƙofar ne, domin ƙurar tsohon soro, ga kashin jemage da na ɓera, ba ta dace da ƙirjin tsoho ba. A tanadi takalmi mai kauri saboda kunama da tsofaffin ƙusoshi, wanda ƙusa ta soka kuma a wanke wurin da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti a ranar don allurar rigakafin ciwon nan mai sarƙe haƙora, kada a tsaya ɗaure wurin da tsumma.

Mai kula da aikin gini, Wudil

Ina gaida Baba da Hajiya. Ni a ginin bulo da kankare na fi ƙwarewa, amma zan ɗora lissafi a kan maganar Baba don Malam ya ga girman abin da ke bisa kan mahaifiyarsa. Ɗaki mai ƙafa 10 da 12 ya kai murabba'in mita 11. Idan kaurin ƙasar rufin inci 8 ne kacal, nauyinta a bushe ya kusa tan 4, wato kamar buhun siminti 75 a kan ɗaki ɗaya. Bangon tsakiya yana ɗaukar rabin na dama da rabin na hagu, don haka shi kaɗai yana riƙe da kusan wannan adadi. Rufin da aka shekara 40 ana ƙara masa yaɓe kuwa da wuya ya tsaya a inci 8, sannan idan ya sha ruwan Agusta nauyin ƙaruwa yake yi.

Na san za a sami wanda zai ce maka a zuba bim na kankare da rodi a madadin bangon, a bar rufin yadda yake. Ana yi, amma ba yadda ake ɗauka ba. Bim mai tsawon ƙafa 12 ba a ɗora shi a kan bangon ƙasa, domin duk nauyin zai taru a wuri biyu ƙanana, ƙasar kuma ta murƙushe a ƙarƙashinsa. Sai an haƙa harsashi an tayar masa da ginshiƙai nasa na kansa, injiniya ya ƙayyade kaurin rodi da yawansa bayan ya ga wurin, rufin kuma ya zauna a kan tokara tun daga ranar farko har kankaren ya yi ƙwari. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28 ana ba shi ruwa. Ka ƙirga daga yau ka ga inda kwanakin za su kai ka.

A wuri ɗaya nake neman afuwar Baba in ɗan saɓa masa, wato bakan gizo. Gine-ginen da ya ambata tun daga harsashi aka shirya su da shi, bangayensu masu kauri ne ƙwarai a inda bakan ya taso. Ɗakin kwana na ƙauye ba a yi masa wannan tanadi ba, kuma idan ruwa ya taɓa cin gindin bangayen waje, ni ba zan ɗora musu sabon nauyi ba.

Maganar wuta kuma kada a yi wasa da ita. Abin da ya fi kama mutanenmu shi ne a ce ai kwana uku ba a kawo wuta ba, mutum ya kama waya da hannu, a daidai lokacin kuma a kawo. Mai gyaran wuta ya zo ya zare fis ɗin babban layi ya sa a aljihunsa, ya cire wayar daga tushenta a ɗakin bulon, ya gwada da testa. Idan akwai sola a gidan a raba batir da inbata, janareta ma a cire shi daga layin. A tsohon gini ba a cika sa waya a cikin bututu ba, binne ta ake yi a yaɓe, kuma ba lallai ta bi miƙaƙƙen layi ba.

Daɓen siminti ba laifi, amma ka bar shi sai ƙarshe, bayan an gama duk abin da zai faɗo daga sama. Jikin bangon ƙasa kuwa kada a yi masa filastar siminti: ba sa kama juna, danshi yana taruwa a bayanta, gara ta sami hanya ba wanda ya gani, wata rana sai ta ɓallo falle guda da naman bangon a jikinta.

Wani malami, ƙasar Kazaure

Assalamu alaikum. Ban san gini ba, amma kalma ɗaya na riƙe a tambayar, ita ce "na gado". Malam, shin an raba gadon, ko har yanzu gidan na tarayya ne? Idan ba a raba ba, to kowane magaji, mace da namiji, yana da haƙƙi a cikin kowane bango, kuma bai kamata ɗaya ya rushe wani abu ba sai da yardar sauran, ko da da kuɗinsa zai gyara, ko da kuma niyyarsa alheri ce. Ɗakuna biyu da suka koma ɗaya suna canza lissafi ranar rabo, haka ma kuɗin da ka kashe: kyauta ce ka yi wa gidan, ko bashi ne da za a cire maka? A faɗe shi yanzu a gaban shaidu, a rubuta, mai unguwa ya sani. Ɗakin bulon nan ma yayanku ne ya gina, shi ya fi cancanta a fara tambaya kafin a taɓa silinsa. Idan kuma ɗaya daga cikin bangayen waje ya haɗa ku da maƙwabci, a sanar da shi, domin hadisi ya ce ba cuta ba cutarwa. Ita ma Inna a tambaye ta da kyau, ɗakin da ta zauna da mijinta ne, wataƙila tana da abin faɗa wanda kunya ko kawaici ya hana ta.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na yi abin da Baba ya ce. Azarun duka a bangon tsakiyar suka shige, ta ɗakunan biyu, kuma akwai tauyi hawa uku kamar yadda ya kwatanta, ni da nake kwana a ƙarƙashinsa tun ina yaro ban taɓa lura ba. Na soka ƙusa a guda 22, biyu daga cikinsu, a kusurwar da indararo yake, ƙusar ta shige har rabi ba tare da na buga ba, wani jan gari ya zubo min a hannu. Game da ambaliya kuwa, ruwa ya kwana huɗu a tsakar gidan a 2022, kuma gindin bangon baya ya zaizaye kamar faɗin tafin hannu, an cike shi da yaɓe a lokacin.

Na sallami matashin nan da haƙuri. Na kira yayanmu da ƙannena mata biyu, gadon ba a raba ba, kuma mun sa ranar Juma'a mu zauna da mai unguwa. Yayan ya ce a bar silinsa a buga na roba a ƙasansa, kamar yadda Hajiya ta kawo. Da na tambayi Inna kuwa, sai ta ce ita dama ba ta son kwano, ƙofa ta ishe ta, kuma a bar mata alkukin da ke jikin bangon inda mahaifinmu yake ajiye fitila. Saboda haka ƙofa za a buɗe. Baba, me zan ce wa maginin da zai yi, kuma yaya za a yi da azarun nan biyu?

Tsohon magini, ƙasar Bichi

Madalla, ɗana. Maganar ɗan'uwanmu na Wudil a kan bakan gizo gaskiya ce, tunda ruwa ya ci gindin bangon baya na janye tawa shawarar.

Azarun nan biyu su ne farkon aiki, tun kafin ƙofa. A tokare su yau ɗin nan da itace mai ƙwari, a sa katako a ƙasa don kada ya nutse, a sa wani a sama ya tallafi maƙwabtansu, a matse da 'yan katakai har ya ƙi motsi, sannan a gyara bakin indararon, domin daga nan ruwan yake shiga. Canza su sai bayan kaka, idan an buɗe wannan kusurwa daga sama.

Ƙofar kuma ka nemi maginin ƙasa, ba birkila ba. Tunda ga halin da bangon baya yake, ku rage ta zuwa ƙafa 3 da rabi, a tsakiya, don a bar fiye da ƙafa 4 na bango a kowane gefe, kuma a kauce wa alkukin Inna. Bayan an cire waya, a tokare rufin ta ɗakunan biyu, ƙafa 2 daga bango. Sannan a fara da mazaunin azarun kan ƙofa, ƙasa da tauyi da aƙalla ƙafa 2: a fafe rabin kaurin bangon ta gefe ɗaya, a kwantar da azaru, kowane kai ya shige ƙafa ɗaya da rabi cikin lafiyayyen bango, a cuse da ƙasa a bar ta ta bushe kwana uku ko huɗu, sannan a zagaya a yi haka ta ɗaya gefen. Sai bayan nan a fara cin ƙofar daga ƙarƙashin azarun zuwa ƙasa, da gatari da ƙaramar fartanya, ba da babbar guduma ba, domin girgiza ita ce take sakin tauyi. Tokarar ta ƙara mako guda bayan an gama. Ka shafa ɗanyen yaɓe a kan duk wata tsaga da ka gani kusa da wurin, ka riƙa dubawa safe da yamma. Idan yaɓen ya dare ya ci gaba da buɗewa, a dakatar da aikin, kowa ya fita, ka turo mana hoto.